Tambayi Likita: Ƙwayar D5 da Yaron da Ya Daina Fita

Ɗan kabu-kabu daga Bagalam: Likita, an rubuta mini diazepam in sha da dare. Zan iya hawa babur da sassafe?

A'a, ɗana. Diazepam, wanda ake kira D5, maganin kwantar da hankali da sa barci ne, yana daɗewa a jiki, gyangyaɗinsa kan kai washegari. Koma wurin wanda ya rubuta, ka gaya masa sana'arka.

Mai shayarwa daga Tibiri: Yana shiga nono?

Yana shiga. Jariri ya yi ta barci, tsotso ya gagare shi. Kar ki sha sai likita ya gan ki.

Uwa daga Sabon Gari: Tun da ƴan fashi suka doki ɗana, ya daina zuwa fada, ba ya kula kowa. Abokansa na sayo masa D5, wai har a kan ɓeraye an gwada, tana cire tsoro.

Hajiya, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Amma abokan nan rabin labari suka ji. An gwada, gaskiya ne. A 2006 masu bincike a Amurka suka riƙa saka ƙaramin ɓera a kejin wani ƙato mai faɗa, kullum, har kwana 10. Bayan nan ko baƙon ɓera ya gani, sai ya raɓe a lungu, kamar dai ɗanki. Da aka ba shi wani magani dangin diazepam, gudun sauran ɓeraye bai bar shi ba. Abin da ya maido shi cikinsu shi ne fluoxetine ko imipramine, magungunan ciwon damuwa, su ma ba sha ɗaya ba, sai da aka yi mako huɗu ana ba shi. Wasu gwaje-gwajen ma sun nuna ɗan kaɗan na dangin diazepam kan ƙara wa ɓera faɗa.

Ɓera ba mutum ba ne, na sani. To amma abin da muke gani a asibiti ke nan: D5 tana dusashe ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, firgicin yana nan, jiki kuma ya saba har ya nemi ƙari. Mai talla a tire ya san wannan? Ina! In aka haɗa ta da tramol ko giya, numfashi na iya tsayawa cikin barci.

Kar ki ƙwace masa ƙwayar lokaci guda in ya daɗe yana sha, jijjiga na iya kama shi. A hankali ake ragewa, likita ne zai tsara. Ki kawo shi babban asibitin Maradi, sashen ƙwaƙwalwa, tare da sauran ƙwayoyin. Ba hauka ba ce, Hajiya. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ko kika tashe shi ya ƙi tashi, a wannan daren za ku zo, kar a jira safiya.