Manhajar da ke kiran makaho daga inda masallaci yake

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya rasa ganinsa shekara uku ke nan. Na ji an ce akwai manhajar waya da ke sa mutum ya ji murya tana fitowa daga wajen masallaci ko kanti, kamar ana kiransa daga can. Da gaske ne?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya sauƙaƙa wa yayanki, Ya saka miki da kula da shi. Da gaske ne.

Idan ɗan acaɓa ya danna oda ta hannun damanki, ƙarar tana riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma kanki yana tare ta, ta iso kunnen hagu a raunane. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke gane gefen da abu yake. Shi waya ke kwaikwaya a cikin iyafis. Wasu iyafis, irin AirPods Pro tun 2020, har suna lura da juyawar kai, sautin ya tsaya inda aka ajiye shi ko mutum ya waiwaya.

Kamfanin Microsoft ya fitar da wata manhaja mai suna Soundscape a 2018 domin makafi masu iPhone. Mutum ya zaɓi inda za shi, sai wani ɗan sauti ya riƙa fitowa daga wajen, ya bi shi. Wannan ne ya fi burge ni, don ba a ce masa "yi dama, yi hagu" kamar ana jan sa, shi ke zaɓen hanyarsa. Kamfanin ya daina kula da ita a 2023, amma ya saki tsarinta kyauta, aka gina wata manhaja mai suna VoiceVista a kai.

Sai dai a kula. Daga taswirar intanet ta OpenStreetMap manhajar take ɗauko sunaye, lungun da ba a saka ba ba za ta ambata ba. GPS, wato abin da waya ke gane inda mutum yake da shi, kan kauce da 'yan mitoci, ga kwatami a bakin hanya. Wani lokaci kuma kunne kan rikita gaba da baya.

Abin da na fi roƙonki, kada ya toshe kunnuwansa da iyafis a kan titi, da su yake jin mota da keke napep. A nema masa irin wanda ke zama a ƙashin gefen kunne ya bar ramin a buɗe. Sandarsa tana hannunsa, ku fara gwadawa tare a hanyar masallacin da ya riga ya sani.