Daga kiɗan biki zuwa situdiyo: me ake nema wurin mai bateri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni saurayi ne a Tahoua, ina kaɗa bateri, wato jerin gangunan zamani da ake kaɗawa a zaune da hannu da ƙafa, tare da masu gita a bukukuwan aure. Burina in zama makaɗin da ake kira situdiyo a Yamai, a kuma tafi da shi rangadi ƙasashen waje. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da gyara abin da biki ke ɓata wa makaɗi, wato riƙon lokaci. A filin biki, da rawa ta yi zafi aka fara liƙi, kiɗa kan ƙara gudu, ba kuma mai ganin laifinka. A situdiyo kuwa wannan ne ke sa ba a sake kiran mutum. Injiniya kan ɗauki waƙa sau uku ko huɗu, ya yanko nan ya haɗa da can. In ɗauka ta farko tana bugu 110 a minti, ta uku ta kai 118, haɗin ba zai zauna ba. Shi ya sa ake sa maka metronom a kunne, wato na'urar da ke buga lokaci daidai ba gudu ba jinkiri. Sauke shi a wayarka, ka fara daga 60, rabin awa kullum, kana naɗar kanka kana saurare. Takamba da kiɗan gita da yawa shida-shida suke tafiya, don haka sa metronom ya buga kan na ɗaya da na huɗu kawai. In ya buga duk shidan, hannunka zai sandare, rausayar ta mutu.

Sai rage hannu. Makirfo na nan dab da fata, ba ya bukatar dukan da ke kai sauti ƙarshen layi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jibgar sambal, wato faifan ƙarfen da ke jikin bateri: ƙararsa na kutsawa cikin kowane makirfo, kuma ba ta gogewa daga baya. Ganguna da ƙarfi, sambal da sauƙi. In ƙaramar ganga na amo bayan bugu, manna ɗan ƙyalle a gefen fatar. Babbar gangar ƙafa kuma a sa mata matashi a ciki, ya ɗan taɓa fata.

A Yamai kiɗa ɗaya ba ya ciyar da mutum. Yau mawaƙin Zabarma, gobe mai rap, jibi masu gitar Agadez. Saurari yadda ƙungiyar kiɗa ta Tal National ke haɗa kiɗan Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa, sannan ka saurari Tony Allen, wanda ya riƙe wa Fela Kuti bateri, ka ji yadda hannu ke da laushi amma lokaci bai motsa ba. Koyi ƙwarya ma, domin akwai wasannin da ba a kafa bateri sam. Cibiyar kiɗa ta CFPM Taya da ke Yamai, wadda ke aiki tun 1989, wuri ne na koyon karatun kiɗa. Ko ba ka kai can ba, ka iya rubuta tsarin waƙa a takarda: buɗewa zagaye 8, baiti 16, amshi 8.

Batun rangadi, ba mai hawa jirgi da bateri sukutum, tunda jaka kan tsaya a kilo 23. Ɗauki ƙaramar gangarka mai inci 14, fedar ƙafa, sambal, da sandunan kiɗa masu lamba 5A da yawa. Sauran a rubuta su a takardar kayan aiki da ake aika wa masu shirya wasa, har da kafet, in ba haka ba babbar ganga za ta yi ta gudu gabanka. A hanyoyinmu kuma, kada ka bar ganguna saman mota cikin ranar Afrilu, ka riƙa goge ƙura daga sarƙar feda, ka ajiye sifirin fedar na canji.

Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta ɗan zama kwana 90 ce cikin 180, ka ƙirga su tun kafin a tsara wasanni. Kuɗi kuma a yanke kafin ka ɗaga sanda: kowace waƙa ne ko kowace rana, kuma wa ke ciyar da kai ranar da ba wasa. In da hannunka a tsara waƙar, a sa sunanka lokacin rajista a BNDA, hukumar haƙƙin mawallafa.