Amsa ga Yaya a kan rubutun da ke hular Nura

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Saƙonki ya iso. Kin ce kin nuna wa Inna hoton ɗanki Nura da hular sanyin nan mai rubutu a goshi, ta ce a tambaye ni ko hatimi ne, ko kuwa alamar addinin mutanen garin muka manna wa yaro. Na ji daɗin da kuka tambaya, domin a gida ba a ɗaukar rubutu da wasa. Mun tashi muna ganin laya a wuyan jarirai, muna ganin ana wanke allo a sha, muna tsince takarda mai Larabci daga ƙasa. Wanda ya tashi haka dole gabansa ya faɗi in ya ga baƙon rubutu a kan jikansa. Ki kwantar wa Inna da hankali. Ni na saƙa hular da hannuna, kuma na san abin da aka rubuta.

Bari in fara da sanyin, don shi ya kawo saƙar. Sapporo, inda muke, shi ne babban birnin tsibirin Hokkaido a can arewacin Jafan. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai kusan mita 5 in an tara, kuma daga Disamba har Maris ba ka ganin ƙasa. A watan Janairu akan yini sanyi bai hau saman sifili ba. Duk da haka yara da ƙafa suke tafiya makaranta, har ma akwai darasin zamiya a kan ƙanƙara a cikin jadawalin firamare. Yaron da ya fita kunne a waje zai dawo yana kuka, kunnen ya yi ja yana zugi. Hula a nan dole ce, mu mata ma a kan hijabi muke ɗora ta.

Hausawan garin ba mu da yawa, falo ɗaya yakan ɗauke mu. Akwai matan ɗaliban jami'a, akwai waɗanda aiki ya zaunar irinmu, daga Nijeriya da Nijar da zangon Gana. Rani mai guntu ne, kowa na harkarsa. Da sanyi ya shigo, magariba na yi tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, dare ya yi tsawo, sai mu riƙa haɗuwa gidan ɗaya daga cikinmu ranar Asabar, a kunna hita mai kananzir, a dafa shayi, kowa ta fito da zarenta. Yawancinmu mun zo da ilimin kwarashi daga gida, irin wanda ake yi wa jarirai hula da safa. Saƙar tsinke kuwa, da karanta zanen saƙa a takarda, a wurin tsofaffin matan unguwa muka koya, a zauren taron jama'a inda suke zama. Ba sai kin iya yarensu sosai ba, domin littattafan saƙarsu kusan duk zane ne: kowane irin ido, wato madaukin zare guda a kan tsinke, da alamarsa, kuma alamomin iri ɗaya ne a kowane littafi.

Rubutun da kika gani ana kiran irinsa kanji. Daga ƙasar Sin Jafanawa suka aro shi fiye da shekara 1,500 da suka wuce, kuma da shi ake rubuta jarida, da takardar asibiti, da farashin kifi. Kowane harafi yana ɗauke da ma'ana. Gwamnati ta ware guda 2,136 na amfanin yau da kullum, yaro kuma yakan koyi 1,026 kafin ya gama firamare, 80 a aji ɗaya, 160 a aji biyu. Wanda ke hular Nura shi ne 光, ana karanta shi hikari, wato haske. A aji biyu aka koya musu. Ya dawo gida da murna ya ce ya ga sunansa a allo, domin na taɓa faɗa masa ma'anar Nura. Yaran baƙi da wasu haruffa dabam, katakana, ake rubuta sunansu, masu nuna sauti kawai, alhali kowane abokinsa yana da kanji nasa mai ma'ana. Abin yana ci masa rai ban sani ba sai ran nan. Shi ya roƙi a sa masa a hula. Kalmar ba ta da wani sirri, har jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ke zirga-zirga tsakanin Tokyo da Osaka tun 1964 sunansa ke nan.

Kada ki ɗauka al'adar Jafanawa ce sa kanji a hula. Su kansu sun fi son rubutun Turanci a tufafinsu, rigunan kanji masu yawon buɗe ido suka fi saye. Abin namu ne, daga yaranmu ya taso, waɗanda aka haifa a nan suna jin Hausa a ɗaki suna karatu da Jafananci.

To amma muna da ƙa'ida, kuma a kanta nake so ki yi wa Inna bayani da kyau. Ba ma sa wa yaro rubutun da ba mu karanta ba. Kafin a fara saƙa sai an nuna harafin ga wanda ya san yaren, a tambaye shi ma'anarsa da inda ake amfani da shi. Abin da ya shafi halittar Allah muke ɗauka: 山 tsauni, 雪 dusar ƙanƙara, 花 fure, 星 tauraro. Abin da ya jiɓanci wuraren bautarsu muna barinsa. Akwai 神 da suke kiran ababen bautarsu da shi, akwai alamar 卍 da ke nuna ɗakin ibadar Buda a taswira, duk ba ma kusantarsu. Su ma suna da layu, ana sayarwa a wuraren bauta cikin 'yar jaka mai ado, yara na rataya su a jakar makaranta, mun kuma koya wa namu su gane su, su ce sun gode, kada su karɓa. Inda muka yi saɓani shi ne 福, harafin sa'a da arziki da ake gani ko'ina lokacin sabuwar shekara. Wata 'yar'uwarmu ta ce fatan alheri ne kawai. Ni ban yarda in sa ba, domin da yawa don janyo sa'a suke liƙa shi, sa'a kuwa a wurin Allah muke nema. Akwai kuma wadda ba ta sa kowane irin rubutu a kayan 'ya'yanta, ba kuma wanda ya ga laifinta.

Kina iya cewa me ya hana mu sa Larabci. Mun yi wannan maganar. Hular yaro tana faɗuwa a ƙasa a taka, ana shiga banɗaki da ita, ana cusa ta aljihu da danshi. Ba za mu sa sunan Allah ko wani abu na Alƙur'ani a nan ba.

Ga yadda aikin yake, tunda ke ma mai saƙa ce. Ana samun tsinke biyu da aka haɗa da igiyar roba, tsawon duka santimita 40, a yi ta zagayawa, hular ta fito ba ɗinki a baya. Da zaren ulu matsakaici da tsinke mai lamba 8 a ma'auninsu, wato milimita 4.5, ido 80 zuwa 88 ya ishi kan ɗan firamare. Ƙullin zarensu yawanci giram 40 ne, biyu sun isa, da ragowar wani launi don rubutun. Ana farawa da baki mai miƙewa ya koma, a yi shi da tsawo don a naɗe shi biyu ya rufe kunne, sannan a shiga jiki.

A rubutun ake gane haƙurin mace. Idon saƙa ya fi faɗi a kan tsayi, don haka in kika zana harafi a takardar lissafi mai gida-gida daidai wa daida, a hula zai fito a daɓare kamar an zauna masa. Sai an ƙara layuka a tsaye. Ana karanta zanen daga ƙasa zuwa sama, daga dama zuwa hagu. Wasu na tafiya da zare biyu lokaci guda, wanda ba a buƙata ya bi ta baya, amma in harafi ɗaya ne tak a goshi wannan wahala ce, zaren bayan yakan tattare hular ko ya kama yatsan yaro. Ni gama hular nake yi tsaf, sannan in zura farin zare a allura mai dakusasshen baki in bi kan kowane ido in rufe shi, kamar yadda masu ɗinkin hula a gida ke bin zane. 光 zane 6 ne kawai, yana zama cikin ido goma sha biyar. 雪 zane 11 ne, in ba a yi shi da girma ba sai ya cakuɗe ya zama dunƙule.

Ɗigo ɗaya a wannan rubutun ba abin rainawa ba ne. 大 babba ne. Ki sa masa ɗigo a kafaɗar dama, 犬, ya zama kare. Ki sauko da ɗigon ƙasa, 太, ya koma mai kauri. Yaro ɗan aji biyu zai karanta daga nesa, kuma ɗanki ne zai yini a cikinsu. Shi ya sa kafin a yanke zare sai an kira yaran gidan sun karanta da baki, sun fi mu ido a kai.

Batun na Ummi da Sadiku da kika ce a yi musu don hunturu, zan yi in sha Allahu, amma ba da ulu ba. Ulu ya yi wa Kano nauyi, kuma wankinsa sai da ruwan sanyi, ba murɗawa, a shimfiɗa shi a inuwa, in ba haka ba ya tsuke. Zan yi musu da zaren roba mara kauri wanda zai jure wankin gida. Ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya kan kowannensu ta goshi da saman kunne, ki turo mini santimita. Ki kuma tambayi Alhaji ko a sa rubutu ko a bar su haka, in ya amince zan turo haruffan da ma'anarsu ku zaɓa kafin in fara. A gaida Inna da kyau, a ce Nura yana gaishe ta.