Amsa ga ƙanena mai son aiki da madubin hangen rana

Ƙanena, na karanta saƙonka, inda ka ce ka kammala digirin injiniya a gida, kuma kana tunanin ajiye shi ka faro ilimin taurari daga tushe, domin a ganinka ta nan kaɗai ake shiga aikin madubin hangen rana na Inouye da ke jihar Hawai ta Amurka. Shawarata ita ce kada ka ajiye shi.

Na'urar tana kan dutsen Haleakala a tsibirin Maui, a tsawon da ya haura mita 3,000, kuma faɗin babban madubinta mita 4 ne. Abin da ya fi ba maginanta wahala shi ne zafi, domin madubi mai wannan faɗi idan ya fuskanci rana yana tara zafin da ya kai wajen kilowat 13 a ɗan ƙaramin wuri, wanda ya isa ya narkar da ƙarfe. Saboda haka aka shimfiɗa bututun sanyaya mai tsawon fiye da kilomita 11, ana kuma haɗa ƙanƙara da dare domin amfanin yini. Sai kuma rawar da iska ke sa hoto ya yi, irin wadda kake gani a saman kwalta da tsakar rana lokacin bazara. Maganinta wani ƙaramin madubi ne mai lanƙwasuwa, wanda ƙananan sanduna masu motsi guda 1,600 ke gyara siffarsa kusan sau 2,000 a daƙiƙa guda. Duk wannan aikin injiniyoyi ne irinka.

Sai dai ka zo da haƙuri. An fitar da hotunan farko a Janairun 2020, bayan kusan shekara bakwai ana gini, amma masu bincike ba su fara amfani da na'urar ba sai Fabrairun 2022, saboda annobar korona da kuma gwajin da ake yi wa kowane sashe ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma sani 'yan asalin Hawai suna ɗaukar dutsen wuri mai tsarki, har sun tare hanyar motocin kaya a 2015 da 2017, kuma ni ina ganin damuwarsu ta cancanci girmamawa daga duk baƙon da ya je can.

Kada ka ɗauka dole sai ka zauna a Maui, inda rayuwa ke da tsada ƙwarai. Hedikwatar cibiyar da ke kula da na'urar tana Bolda a jihar Kolorado, can ake adana bayanan. Ka nemi digiri na gaba mai tallafin karatu a fannin haske da madubai ko sarrafa injuna, ka kuma turo mini jerin darussan da ka yi mu duba tare.