Amsa ga mai tambayar aikin takarda: ki fara gyara gam da shanya

Wa'alaikumus salam. Ƴar'uwa da kika tambayi abin da za ki sa yara su yi da tsofaffin takardu a wannan dogon hutu, kika ce kun gwada ƙaramin akwati da mazubin fensir amma kwana kaɗan sai su ɓalle ko su yi funfuna, ga gam ɗin kanti ba ya auki, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da ƴan firamare a nan Maradi, kuma aikin takarda yana cikin abin da muke yi da su. Duk wanda na ga aikinsa ya lalace, in aka bi diddigi, ɗayan biyu ne: ko gam, ko shanya. Siffar abin da za a yi ba ta da wuya, yaro ma zai ƙirƙiro miki ita.

Gam ɗin da na fi amfani da shi na sitacin rogo ne, irin wanda masu wanki da guga ke sa wa shadda. Ki ɗebi cokali biyu, ki kwaɓa da ruwan sanyi kaɗan har gudajin su mutu, sannan ki zuba tafasasshen ruwa kamar kofi ɗaya kina juyawa da sauri, yadda dai ake dama koko. In ya bar fari ya koma garai-garai yana yauƙi, ya yi. In har yanzu fari ne tsululu, ruwan bai tafasa sosai ba, sai ki ɗora a wuta kaɗan. Fulawa ma tana yi: awo ɗaya na gari, awo biyar na ruwa, a dafa a wuta marar ƙarfi har ya yi kauri. Sai dai na fulawa ya fi saurin tsami, kuma kyankyaso da ɓera sun fi son shi. Ko wanne kika yi, ki sa gishiri ƙaramin cokali da ɗan dakakken kanumfari don rage funfuna, kuma ki dama na yini ɗaya kawai. A zafin garin nan in ya kwana biyu wari zai gaya miki.

Akwai kuma ƙaro, na dakwara, wanda almajirai ke sa wa tawada don ta kama allo. A jiƙa shi da ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle. Yana da kyau ga takarda marar kauri, kamar bakin ambulan ko manna hoto, ba ya barin tabo. Amma ba ya riƙe kwali, kuma da ya ji raɓa sai ya saki. Wurin haɗa kusurwar kwali da kwali, nan ne kaɗai nake cewa a kashe kuɗi a sayi farin gam na kafintoci. Ana sirka shi da ruwa, ɗan kaɗan sai ya daɗe.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ki bi masu ɗiga piya-piya a cikin gam wai don gara. Guba ce, yara kuma hannu baka hannu ƙwarya suke, ƙananan har lasar gam ɗin suke yi. Maganin gara shi ne kada abin ya kwana a ƙasa ko jikin bangon laka. A ɗora shi kan kanta, a sa busasshen ganyen dogon yaro a kusa.

Sai dalilin lanƙwashewa. Takarda in ta sha ruwa tana buɗewa, in ta bushe ta tsuke, sai ta ja kwalin da aka manna ta a kai. Saboda haka in kin liƙa wa kwali takarda a waje, ki liƙa masa wata a ciki, jan ya zo daidai. Gam kuma shafawa ake yi sama-sama da yatsa ko guntun soso. Yara suna ganin yawansa ne ƙarfinsa, sai su labta, abin ya jiƙe ya ƙi bushewa. Duk abin da yake shimfiɗaɗɗe, bango ne ko allon hoto, ki sa shi tsakanin leda biyu ki danne da buhun hatsi ko ƙarƙashin katifa ya kwana. Wata dabarar kuma: ki yaga takarda a tsaye, ki yaga a kwance, za ki ga gefe ɗaya yana tafiya miƙe, ɗayan yana karkacewa. Ta wannan gefen mai miƙewa ake ninkawa da naɗewa, in aka bi ɗayan sai ninkin ya tsage.

Hutun namu kuma ya faɗo cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba, ga Agusta da iska ke cike da laima. Abin da zai bushe a yini ɗaya da hunturu sai ya nemi kwana uku ko fiye. Ki shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, kamar rumfa ko zaure, kan faifai ko raga don iska ta bi ta ƙasa. Rana tsaka tana busar da baya ta bar ciki da danshi, daga nan funfuna ke tasowa.

Abin da zan ce ku fara da shi, tunda yana da amfani kuma a yini ɗaya ake gamawa, shi ne sabon kaye, wato littafin rubutu, daga tsofaffi. Kowace shekara yara na barin shafuka da yawa babu rubutu a ƙarshen kaye. A cire su da kyau. Waɗanda suka fito bibbiyu a haɗe daga tsakiya sun fi sauƙi. Guda-guda kuwa sai a ninka su biyu a yi ƙaramin littafi. A jera kamar 10 ko 12, a sa bango na kwalin sabulu ko tsohuwar kalanda, a huda wuri uku a kan ninkin da babbar allura. Zare ya shiga ta hudar tsakiya daga ciki, ya dawo ta ta sama, ya tsallake tsakiya ya fita ta ta ƙasa, ya sake shigowa ta tsakiya, a ɗaure bakin biyu bisa dogon zaren. Shi ke nan. Kafin a koma lakwal a Oktoba kowa ya samu na gwajin lissafi.

Wanda yara suka fi so, ni ma na fi so, shi ne dakakkiyar takarda. A yayyaga tsofaffin takardu ƙanana, a jiƙa a bokiti su kwana ɗaya ko biyu, a daka a tsohon turmi (kada ki sa na dakan fura, tawada na kama itace), a matse a ƙyalle sosai har ruwa ya daina ɗiga. Sai a cuɗa da gam ɗin sitaci har ya zama yana mulmuluwa ba ya manne wa hannu. A kife kwano ko ƙwarya, a rufe da leda, a bi bayanta da shi, kaurinsa kada ya kai na ɗan yatsa. Nan ake gwada haƙuri. In bayan ya yi tauri sai a zare kwanon a juya, ciki ya sha iska shi ma. Ki ƙwanƙwasa da farce: in ya yi ƙara ya bushe, in ya yi dum ko kika ji sanyi a tafin hannu, da saura. Da shi muke yin mazubin zare da allura, na ƴan kunne, na makullai. A aji kuma mukan yi taswirar Nijar a kan katako, mu ɗaga duwatsun Ayar, mu ja layin kogin Kwara, mu sa ɗigo inda Maradi take kusa da iyaka. Yaron da ya gina ta da hannunsa ba ya mantawa Agadas na arewa. Amma ba mazubin abinci ba ne, ba a kuma wanke shi.

Launi ba sai kin saya ba. Gangamau na ba da rawaya, bula ta wanki shuɗi, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi ja, tawadar allo baƙi. Ruwan zoɓorodo yana da kyau ranar farko, daga baya ya dusashe ya koma toka-toka, ni ban cika son shi ba. Kowane launi ki sa masa ɗan ruwan ƙaro don kada ya goge a hannu. In kina son abin ya yi shekaru, a shafa masa man ƙyalli na kafintoci bayan ya bushe ƙarau, kuma babba ne zai shafa, a waje.

Kwalin taliya ko na madara kuwa, a yanke shi daidai, a lulluɓe da ƙyallayen atamfa da tela ke zubarwa, ya zama ma'ajin takardun haihuwa da na asibiti. Ƴan mata na iya yanka kalanda mai sheƙi dogaye masu tsini, su naɗe a tsinken tsintsiya daga gefe mai faɗi, su fitar da duwatsun sarƙa. Ƙanana a ba su fanka da ake kafawa a karan dawa, ko tuta don 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai ta 1960 da ake dashen itace: ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da da'ira ruwan lemo, kore a ƙasa. Almakashi marar tsini a hannunsu, reza a hannunki.

Kan zaɓen takarda, ki duba kowace kafin a yaga. Duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah, har kalandar da ke da bisimilla a samanta da kayen darasin addini, a ware ta. Yara su ma ki koya musu dubawa, sun fi mu ido. Takardar buhun siminti tana da ƙarfi, ta fi kowace kyau ga bangon littafi, amma ki ɗauki fallen da bai taɓa simintin ba, ki kakkaɓe ki goge da ɗanyen tsumma a waje, don ƙurarsa na cin fata da ido. Irin buhun da aka saƙa da leda kuma ba ya kama gam ɗin sitaci, kada ki wahala. In takardun gida ba su isa ba, masu shagon hoton takardu na tara waɗanda suka ɓaci, fuska ɗaya fari tas, kuma galibi in kin yi magana za su ba ki.

In kin dama gam ɗin farko kika ga bai kama ba, ki faɗa mini irin sitacin da kika samu da yadda ya yi bayan kin zuba ruwan, don wani na kasuwa gauraye yake da gari kuma awon ruwansa daban ne. Allah ya raya mana su.