Tallafin ɗumama gida a Sikotland: in taɓa jarin shago ko in karɓi rancen gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan abincin gida a Gilasgo, irin su shinkafa, manja, garin rogo, busasshen kifi da daddawa. Gidan da muke ciki namu ne, mai ɗan fili a baya, amma da sanyi ya kama sai kuɗin gas ya nemi cinye ribar shago, ga tukunyar gas ɗin ta tsufa. Wani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce gwamnati ce za ta biya kuɗin sabuwar na'urar ɗumama gida, in dai na sa hannu a makon nan na ba da kafin alƙalami. Ina da fam 9,000 da na tara domin sarin kayan azumi. Maganarsa gaskiya ce? In rance ne, akwai ruwa a ciki? Kuma in cire daga kuɗin sarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ki taɓa kuɗin sarin nan, kuma kada ki sa hannu a takardar mutumin nan. Tallafin kam akwai shi, amma ba ta bakin ƙofa yake shigowa ba.

Shirin da ya shafe ki shi ne na Home Energy Scotland. Kuɗin gwamnatin Sikotland ne, ƙungiyar Energy Saving Trust ke gudanar da shi a madadinta, kuma a siffarsa ta yanzu an buɗe shi a watan Disamba na 2022 domin masu gidan kansu da ke zaune a ciki. Kashi biyu ne. Akwai kyauta, wadda ba a mayarwa, akwai kuma rance marar ruwa ga wanda yake so. Domin famfon ɗumi, wato na'urar lantarki mai zuƙo ɗumi daga iskar waje, wadda mai yiwuwa ita ce mutumin ya yi miki magana a kai, kyautar takan kai fam 7,500, sannan a iya ƙara miki rance har wani fam 7,500. Domin aikin tare sanyi a rufi da bango da daɓe, kyautar na ɗaukar kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin, iyakarta fam 7,500, ragowar kuma a iya ranta miki. Za ki ji ana ambaton kyautar fam 9,000, to wannan na mutanen karkara da tsibirai ne da ake ƙara wa fam 1,500, bai shafi mazauna Gilasgo ba. Gwamnati takan sauya waɗannan ƙa'idoji. A 2024 ma ta cire faifan sola da batir daga jerin abin da take biya, saboda haka ranar da kika kira su ki sa su karanto miki adadin da ke aiki a ranar.

Ƙa'idar da ta fi jawo wa mutane asara ita ce wannan: ba a fara aiki sai takardar amincewa ta iso hannunki. Wanda ya bari aka kafa na'ura sannan ya je neman tallafi, ya makara. Ke ce za ki tuntuɓi Home Energy Scotland da kanki, shawararsu kyauta ce, su tambaye ki yanayin gidan, sannan su buɗe miki hanyar cike takardar nema. Mai kafa famfon ɗumi dole ya kasance yana da shaidar MCS, hukumar da ke tantance masu kafa irin waɗannan na'urori, kuma sunayen masu ita na nan a shafin hukumar, kowa na iya dubawa. Ga aikin tare sanyi ki nemi mai rajistar TrustMark, tsarin tantance ma'aikatan gyaran gida da gwamnati ta amince da shi. Duk mai cewa garaɓasar za ta ƙare ranar Juma'a, aljihunki yake hari. In ma har kin riga kin sa hannu a cikin gidanki, dokar Birtaniya ta ba ki kwana 14 ki janye daga cinikin da aka ƙulla a wajen shagon mai sayarwa.

Ina tsananta wannan ne saboda an sha cutar da mutane da sunan gwamnati. Shirin Green Deal da aka fara a 2013 rance ne mai ruwa da ake ɗaura wa mitar lantarkin gida, kuma a Sikotland ɗin nan akwai iyalai da yawa da 'yan talla suka gaya musu kyauta ne, sai daga baya suka tarar da bashin shekaru a wuyansu. Gwamnati ta daina zuba masa kuɗi a 2015. A watan Oktoba na 2025 kuma ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya ba da rahoton cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka lulluɓe bangonsu ta waje a ƙarƙashin ECO4 da takwaransa, shirye-shiryen gwamnati na tare sanyi a gidaje, na buƙatar gyara, saboda mugun aikin da ke jawo danshi da fumfuna. Haka kumfar nan da ake fesawa a ƙarƙashin rufi: bankuna da dama ba sa yarda su ba da rancen sayen gidan da aka fesa masa ita, sai mai gida ya tashi sayarwa ya rasa mai saye. In an zo miki da tallarta, ki ce a kai kasuwa.

Yanzu batun ruwa. Rancen Home Energy Scotland babu ruwa a cikinsa, abin da kika ranta shi za ki mayar. Sai dai akwai kuɗin hidima na kashi 1.5 cikin 100 na rancen, wanda ba ya wuce fam 150. Malamai da yawa sun halatta ainihin kuɗin ɗawainiyar rance, wasu kuma suna ɗari-ɗari idan an lissafa shi da kaso maimakon a yanke adadi guda. Ki ɗauki takardar sharuɗɗan ki kai wa malamin da kika amince da shi, ki nuna masa wannan layi musamman, ki kuma nuna masa abin da aka rubuta game da jinkirin biya. Lokacin biya ya danganta da girman rancen: ƙasa da fam 5,000 shekara 5, daga nan zuwa ƙasa da fam 10,000 shekara 10, abin da ya haura haka shekara 12. Za su binciki tarihin bashinki da ƙarfin samunki, don haka ki tabbatar takardun harajin shagonki a kammale suke.

Ga dalilin da ya sa na ce ki bar jarinki. A ce aikin famfon ɗumi ya tashi a fam 12,500, wanda bai yi nesa da abin da ake caji a gida matsakaici ba. Kyauta ta ɗauke fam 7,500, saura 5,000. In kin ranci wannan 5,000 a shekara 10, za ki riƙa biyan kusan fam 42 a wata, da kuɗin hidima fam 75 sau ɗaya. In kuwa kika zare ta daga kuɗin sari, kin shiga azumi da ƙasa da rabin kayan da kika yi niyya, a watan da mai neman gero da dabino da tsamiya ba ya jira, in bai samu a wurinki ba ya wuce shagon gaba, wataƙila kuma ya saba da can. Kuɗin sari juyawa yake yi, ya fita ya dawo da riba sau da yawa a shekara. Wanda aka zuba a bangon gida ya zauna ke nan. Tunda ga mai ba ki rance ba tare da ruwa ba, kuma tsadar kaya na rage nauyin fam 42 ɗin shekara bayan shekara, ban ga hujjar da za ta sa 'yar kasuwa ta biya da jarinta ba.

Abu ɗaya da zai iya taɓa aljihunki na ɗan lokaci shi ne kafin alƙalami, domin galibin kuɗin gwamnati kan fito ne bayan an gama aiki an miƙa rasit da takardun shaida. Ki yi wannan magana da ma'aikacin tun kafin ki zaɓe shi. Ƙa'idar kare mai saye ta RECC, wadda yawancin masu shaidar MCS ke ƙarƙashinta, ta hana karɓar fiye da kashi 25 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami. Ki tsara aikin ya faɗo bayan salla, lokacin da kuɗin kayan azumi ya dawo hannu.

Sai tambayar da ba ki yi ba, wadda kuma ta fi sauran muhimmanci a wurina: shin famfon ɗumi zai rage miki kuɗin wata? Ba lallai ba ne, kuma masu talla ba sa son a tsaya a nan.

Aikinsa irin na firjin shagonki ne, sai dai a juye. Firji na kwashe zafi daga ciki ya watsar waje, shi kuwa yana zuƙo ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana sanyi, ya tura shi cikin ruwan da ke zagaya ɗakuna. Da ma'aunin lantarki ɗaya yakan ba da ɗumi kusan ma'auni 3, in an kafa shi da kyau ya haura haka. Matsalar ita ce farashi. A ƙarshen 2025, bisa iyakar farashin da Ofgem, hukumar kula da gas da lantarki, ke gindayawa, ma'aunin lantarki ɗaya na kusan kwabo 26 na Birtaniya, na gas kuma kusan kwabo 6, wato lantarki ya ninka gas fiye da sau 4. A lokacin Ofgem na ɗaukar cewa gida matsakaici na shan ma'aunin gas 11,500 a shekara, kusan fam 700 ke nan. Tukunyar gas na zubar da wani kaso ta bututun hayaƙi, don haka ɗumin da ke shiga gida bai wuce ma'auni 10,000 ba. In famfon ɗumi ya samar da wannan a ninki 3, zai sha lantarkin kusan fam 870. In ya yi ninki 3.5, kusan fam 745. Kin ga kusan kunnen doki ne, wani lokacin ma gas ya fi sauƙi.

Abin da ke karkatar da lissafin zuwa riba abu uku ne: ingancin kafawa, samun kamfanin lantarki mai rangwame na musamman ga masu famfon ɗumi, da yanke gas gaba ɗaya daga gidan, domin ko ba ki kunna ba ana cajin ki fiye da fam 100 a shekara na zaman mita kawai. A nan sai ki tambayi kanki da gaske ko za ki iya rabuwa da murhun gas. Mata da yawa ba sa yarda su tuƙa tuwo a kan murhun lantarki, kuma in kin bar gas domin girki, wannan cajin na nan daram. Ki kuma sani cewa ruwan da famfon ɗumi ke turawa bai kai na tukunyar gas zafi ba. Ana barin sa ne yana aiki a hankali tsawon yini, yakan buƙaci a sauya wasu ƙarafunan ɗumama ɗaki da manya, da wurin ajiye tankin ruwan zafi. Filin bayan gidanki ya sauƙaƙa miki, domin mazauna tsofaffin benayen Gilasgo kan rasa inda za su ajiye na'urar waje, ga kuma neman yardar maƙwabta.

Saboda haka ni da za ki bi tawa, da tare sanyi za ki fara. Ɗumama gidan da ba a tare shi ba ɗiban ruwa ne da kwando. Energy Saving Trust ta ƙiyasta cewa irin wannan gida na asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi, kusan ɗaya cikin uku kuma ta bango. Shimfiɗar da ake so a saman silin kaurinta milimita 270 ne, kuma gidaje da yawa na da rabin haka ko ƙasa. In an gina gidanki bayan shekarun 1920, mai yiwuwa bangonsa biyu ne da rata a tsakani, wadda ake cikawa cikin yini ɗaya. In tsohon gini ne na dutse, aikin ya fi tsada kuma ya fi buƙatar gwani, saboda danshi. Waɗannan ayyuka su ne masu arha, su ne kyautar kashi 75 ta fi yi wa amfani, kuma ragin da suke kawowa tabbas ne ko da gas kike ɗumama gida ko da lantarki. Harajin VAT ma an ɗauke shi daga kafa irin waɗannan kaya har zuwa ƙarshen Maris na 2027. Ki nemo takardar EPC ta gidanki, wadda ke auna tsimin makamashinsa daga A zuwa G, a cikinta akwai jerin gyaran da ya dace da shi, kuma ita masu tallafin za su duba.

Bayan an tare gidan, sai ki kira masu shaidar MCS uku su auna asarar ɗumin kowane ɗaki, kowa ya rubuta miki farashinsa da ninkin da yake sa ran na'urar za ta bayar a shekara. Wanda ya faɗi farashi ta waya bai taka gidan ba, ki cire shi. Tunda tukunyarki ta tsufa, ko yaya za ki kashe 'yan dubban fam wajen sauya ta, kuma wannan shirin ba ya biyan kuɗin sabuwar tukunyar gas. Idan kika cire abin da da ma za ki kashe daga fam 5,000 ɗin nan, bambancin ba shi da yawa, shi ya sa nake ganin famfon ɗumi ya cancanci ki duba shi da idon basira, matuƙar lissafin da aka rubuta miki ya nuna ninki sama da 3.

Kafin ki nemi rance ki tambaye su ko kin cancanci Warmer Homes Scotland, shirin da ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi aikin, sau da yawa ba tare da sun biya komai ba. Ya danganta da samun gidan da irin tallafin da kuke karɓa.

Shagon kuma yana da tasa ƙofar daban. Business Energy Scotland na ba ƙananan 'yan kasuwa shawara kyauta da rance marar ruwa har fam 100,000, tare da mayar da wani kaso na kuɗin aikin, domin abubuwa kamar fitilu masu tsimin wuta da ingantattun firji. Mai sayar da kifi da nama da firjinta ke aiki dare da rana za ta iya samun ragi a can fiye da na gida. In kina da 'yan'uwa a Ingila ko Wels, ki gaya musu nasu tsarin daban ne: sunansa Boiler Upgrade Scheme, kyautar famfon ɗumi fam 7,500 ce tun Oktoba na 2023, kuma a can mai kafa na'urar ne ke nema a madadin mai gida, ya cire ta daga farashin da zai caje shi.