Amsa ga ɗan yayata mai son zuwa koyon nutso a Birtaniya

Saƙonka na uku ke nan a wata guda, kuma duk magana ɗaya ce: Kawu a taimaka a nemo maka makarantar nutso a nan Aberdeen, don ka ji an ce masu aikin ƙarƙashin ruwa a rijiyoyin mai na Tekun Arewa shebur suke sa wa fam. Hujjarka kuwa ita ce a Yauri ka tashi, tun kana ɗan shekara bakwai kake nutso da 'ya'yan Sarkawa. Ban musa maka ba. Ni ma da wannan taƙamar na zo, ita ce kuma ta kusa kai ni lahira a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika.

Watan Fabrairu ne, sanyin ruwan digiri 5. Na sayi raguleta ta hannu a intanet, wato abin da kake ciza a baki yana ba ka iska daga tukunyar da ke bayanka. Mai ita ya rantse an yi mata gyara, ni kuwa araha ta ja ni. A bakin ruwa na tsaya ina ta zuƙa ina danna maɓallin gaba, wai gwaji nake, ashe kaina nake haƙa wa rami. Muna kaiwa mita 18 na ƙara wa rigata iska daidai lokacin da na ja dogon numfashi, sai raguleta ta ɓalle, wato ta shiga tsiyayar da iska ba tsayawa. Ƙara kamar injin niƙa a cikin kunne, kumfa ta rufe min ido, haƙorana suka ɗau zogi don sanyi, allurar geji mai nuna sauran iskar tukunya tana sauka ina kallo. Zuciyata ta ce in harba sama da gudu, wanda shi ne yake jawo fashewar huhu. Abokin nutsona ya damƙe ni, ya cusa min bakin raguletarsa na ko-ta-kwana, ya rufe bawul ɗin tukunyata, muka hau a hankali. Da muka fito, malamin ya tambaye ni a gaban mutane ko a ƙasarmu an taɓa ganin ƙanƙara. Har yau ban manta ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan bai daskare ba, amma ƙanƙara ce ta cije raguletar. Ka je wurin mai faci, in ya saki iskar taya ka taɓa bakin bawul, za ka ji sanyi. Tukunyar nutso mai lita 12 ana cika ta zuwa bar 232 (bar ma'aunin matsin iska ne). Kan farko na raguleta, wanda ke kan tukunya, yana sauke wannan matsin zuwa bar 9 ko 10 bisa matsin ruwan da kake ciki, na bakinka kuma ya ƙarasa saukewa. Duk saukewar nan sanyaya ƙarfen take yi har ƙasa da sifili. Ɗan laimar numfashinka, ko danshin da injin cika iska ya bari a tukunya, sai ya daskare ya tokare bawul a buɗe. Iska na fita, sanyi na ƙaruwa, ƙanƙara na ƙaruwa, cikin 'yan mintuna tukunya ta zama fanko. Shi ya sa ruwan da ya gaza digiri 10 yake da raguletarsa daban, wadda aka gwada bisa ƙa'idar EN 250. Ruwan daɗi ma ya fi na teku mugunta, don shi a sifili yake daskarewa, na gishiri sai ya kusa digiri 2 ƙasa da haka. Da na sani, da ban shaƙe ta a cikin iskar hunturu ba sai na nutsa kaina, da kuma ban haɗa numfashi da hura riga a lokaci guda ba.

Ba kowace ɓallewa ce ta sanyi ba. Wadda sababbin shiga ke firgita da ita, in sun faɗa ruwa bakin roba yana kallon sama, ba komai ba ce: ka kifa shi ƙasa ko ka toshe da babban yatsa, ta yi shiru, ka mai da ɗan makunnin gefe zuwa alamar ragi. Yashi da busasshen gishiri su ma suna hana bawul zama, wannan laifin ragon da ba ya wanke kayansa ne. In za ka jiƙa ta ba a kan tukunya ba, ka rufe murfinta, kada kuma ka danna maɓallin, ruwa zai bi tiyo ya shige ciki.

Makirar ita ce wadda za ta yi shiru, bayan ɗan lokaci ta fara tsiyaya kamar hucin maciji. Mutum sai ya yi ta murɗa ta baki, alhali ciwon yana kan farko: ɗan mazaunin bawul ya ci, matsi yana hawa a hankali har ya ture na baki. Ka ɗaura gejin auna matsi a tiyon da ke tsakanin kan farko da na baki, in allura ta tsaya sannan ta ci gaba da rarrafe, ka kama ɓarawo. Tawa da na buɗe daga baya, ciki ya yi kore shar da tsatsa, robobin sun bushe kamar ganda. Gyaran da mai ita ya rantse da shi, ko kusa ba a taɓa yi ba.

In ta ɓalle maka a ƙasa kuma ba kowa kusa, kada ka rufe leɓe a kanta. Ka ciza gefe ɗaya, ka karkata kai, ka riƙa kurɓar iska kamar mai shan koko mai zafi, saura ta tafi, kana hawa a natse.

Shekara biyu na yi ina wankin rigunan wasu da ɗaukar tukwane a wani shago, a kan albashin da kunya ba za ta bar ni in faɗa wa Yaya ba, kafin aka yarda in riƙe sufana. Yau Turawan da ke min kallon hadarin kaji su ne ke barin raguletarsu da takarda a jiki, wai ni kaɗai zan taɓa.

Batun rijiyoyin mai kuwa, takardar nutson shaƙatawa ba ta kai ka can. Sai ka sami shaidar da HSE, hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya, ta amince da ita, ka wuce gwajin likita da ake sabuntawa duk shekara, kuɗin makarantar kuma fam dubbai ne, ba ni da su a ajiye. Ka fara zuwa asibiti a duba maka ƙirji da kunne, musamman wannan tarin da Yaya ta ce yana tashinka da hunturu. Ka turo min takardar, sannan mu yi magana. Ka gaishe min da ita.